Ga Matacin da Ya Ƙi Mantuwa

Zuwa ga Mai Girma Matacin Wasiƙu,
Mazaunin kwamfutar ƙuryar ofishinmu,
Titin Ibrahim Taiwo, Fagge.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi, ba zan tambayi lafiyarka ba, tunda kullum ƙiba kake yi. Yawan magana ba ɗabi'ata ba ce. Sai dai faifan da kake zaune a kai ya cika, imel ɗin kamfani ya tsaya, kuma maigidanmu Alhaji Kyari ya sanar da ni cewa idan aka wayi gari Litinin a haka, kujerata za ta sami sabon mai zama.

Na ɗaya. An ɗauke ka aiki ne don ka tare wasiƙun 'yan damfara. Kai kuwa duk kalmar da ta gifta sai ka haddace ta, ka adana. Wane maigadi ne ke tara takalman baƙi har ƙofa ta ƙi rufuwa?

Na biyu. Na bincika, na gano inda karatunka ya karkace. Ma'aikatanmu masu tarbiyya ne, ba sa goge saƙon da ke ɗauke da sunan Allah. Gaisuwar Juma'a, gayyatar suna, ta'aziyya, duk sai su tura su akwatin shara, inda kake koyon kamannin damfara, a zatonsu lungun ajiya ne. Kai kuma, da ƙwazonka na ɗalibi, ka fahimci cewa sallama alamar damfara ce. Yanzu duk abokin cinikin da ya gaishe mu sai ka tsare shi. Ifeanyi na Sabon Gari kaɗai ke wucewa, domin shi sunan kaya kawai yake rubutowa. Wannan adalci ne?

Na uku. Maganinka shi ne a shafe duk abin da ka haddace. Na kai wa Alhaji shawarar. Ya tambayi abin da ke cikinka, na faɗi gaskiya cewa cike kake da sunan Allah, ya hana.

Saboda haka, ga matsayar da aka cimma. Ranar Asabar zan kwashe ka zuwa wani faifai, ko harafi ba zai faɗi ba. Sakatariyarmu Hajiya Gumsu ta kawo farin ƙyalle. Za mu naɗe ka, mu ɗora a saman kabad inda ba mai tsallake ka. Wani sabo, wanda bai san komai ba, zai karɓi aikin, kuma na buɗe wa ma'aikata akwatin ajiya na gaske don kada su ɓata shi.

Ban san ma'aikacin da ya yi ritaya da irin wannan daraja ba. Ni kuwa, da a ce Litinin ta same ni tare da kai a ofis, ko ƙyalle ba za a ba ni ba.

Naka mai biyayya har zuwa Asabar,
Abdulƙahhar Muhammad Nur,
Jami'in kwamfuta, Rijiyar Lemo.