Ranar Da Na Zama Likitan Safiya

Da aka yi hutun makaranta na kai 'yata Safiya garinmu Gwarzo gaishe da dangi. Tana da ciwon suga, kuma uwarta ce ta san kan allurarta da abincinta, amma na ce ta yi zamanta a Kano, ai ni ma na yi karatu.

A garinmu ba a mayar wa tsohuwa kyautarta. Sai na fito da dabara: duk gidan da aka miƙo wa Safiya alkaki ko nakiya, in karɓa da godiya, in cinye a zaure. Har wa'azi na yi wa Gwaggo, yayar mahaifina, kan sukarin da take zabga wa fura. Da na ga ƙullin alewa a jakar Safiya, na ce wato har a ɓoye ake ba ta. Shi ma na cece ta daga sharrinsa.

A hanyar Kabo, muna cikin mota tare da Gwaggo, yarinya ta fara gumi, hannunta yana rawa.

"Baba, sugana ya sauka. Ba ni alewar da Umma ta sa mini."

Na yi ta laluben jaka kamar ban san inda alewar take ba. Gwaggo, da ke zaune kusa da ita, ta buɗe gorar furar nan da na yi mata wa'azi a kai, ta ba ta. Cikin ikon Allah ta dawo daidai.

Har yau in na yi sallama a gidan Gwaggo, kafin ta amsa sai ta ce wa jikokinta, "Ku ɓoye alewarku, likita ya iso."