Inda Barau Ya Gaji

A wani daji da saiwoyinsa ke tsaye cikin ruwan teku, dabbobi suka keɓe hurumi biyu, inda ba a farauta, ba a jan taru. Ɗaya rairayin da kififiya, kunkurun ruwa, ke binne ƙwai. Ɗayan kuma fadamar ciyawa ce a ƙarƙashin ruwa, inda 'ya'yanta ke kiwo su girma. Ranar kafa iyaka, Barau kaguwa aka ba turaku. Ya yi 'yar tafiyarsa a karkace, inda ya gaji ya kafa turke. Haka ya yi a rairayi, haka ya yi a fadama. Tsakani kuwa aka bar shi fili, nan jiragen masunta suka koma jan taru.

Yalwa kififiya ta san wannan fili kamar bayanta. Duk 'ya'yan da ta ƙyanƙyashe nan suka ƙare, sai guda ta rage, wadda ta sa wa suna Ayashe ko mutuwa ta raina ta. Ayashe ta isa kiwo, rairayi kuma ba ya fid da ciyawa. In ta zauna yunwa, in ta tafi taru.

Yalwa ta je majalisa. Shugaban wani tsohon kawa ne, dabbar ruwa mai ɓawo biyu, sunansa Jatau, wanda tun haihuwarsa yake manne da dutse guda.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban zo roƙon fili ba, hanya na zo nema. Ko masu shanu a tudu suna barin burtali tsakanin makiyaya da mashaya. Ku kun tsare mana ɗakin haihuwa, kun tsare mana rumbu, kun bar tsakar gida ga mai yanka. A haɗa turakun nan kafin 'yata ta ƙetare."

Jatau ya buɗe baki kaɗan, ya ce, "Baiwar Allah, a cikin hurumi aka taɓa miki ɗa?"

"A bakin turke aka kwashe su, ina kallo."

"Ta ciki ko ta waje?"

"Ta waje."

"To, alhamdu lillahi, hurumi na aiki."

Barau ya ɗaga ƙafa ya ce, "Inna Yalwa, ni na auna da ƙafata, har yau gwiwata ba ta koma daidai ba. Ku ma ku rage yawo mana. Dubi mai girma shugaba, wa ya taɓa ganin sa a taru?"

Yalwa ta juya ta dube shi. "Barau, gajiyarka ce ta zama kabarin 'ya'yana. Ranar da kuka zauna rabon ruwa, wa kuka kira cikin masu tafiya? Kun tara masu manne wa dutse da masu kwana a rami, kuka yanke wa masu iyo hukunci."

Majalisa ta yi guna-guni, aka ce ta yi rashin ladabi. Jatau ya ce al'ada ita ce, wanda ya kafa turke shi ke matsar da shi, sai a jira gwiwar Barau ta warke. Sannan ya rufe bakinsa, wanda a wurinsu shi ne tashin taro.

Ayashe ta jira har wuyanta ya zama kamar zare. Wata safiya ta ce, "Inna, mu je. Na gaji da lasar rairayi." Suka wuce turke, uwa a gaba. Har sun fara hango koren fadama, inuwar jirgi ta rufe su. Yalwa ta nutse, ta waiwaya, sai ga Ayashe cikin taru. Ta bi tarun tana cizon igiya har aka ɗaga shi sama.

Majalisa ta aiko Barau ta'aziyya. Ya zo da ƙafarsa, ya tsaya daga cikin turke, ya yi addu'a mai tsawo. Yalwa ta bar shi nan tsaye. Ta juya ta nufi tsakiyar teku, sauran kififiya suka bi ta, ba su sake hawa wannan rairayi ba.

Da shekara ta kewayo, Jatau ya yi wa majalisa albishir: a hurumin rairayi, bana ko ƙwai ɗaya ba a taɓa ba.