Ranar da Na Zuba wa Gwaggo Tuwo a Kwanon Asibiti

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da satin da na dawo Ƙanƙara daga wankan jego ba. Daga Yankara har gida ina cikin mota rungume da jaririyata, abu ɗaya ke ci mani rai: Gwaggo Hajiya ta Sabuwa, yayar mahaifin maigidana. Tun ranar suna ta ce da an yaye yarinyar ita za ta riƙe ta, wai ni ƙaramar yarinya ce, ban san kan gida ba. Ga shi ɗiyar fari ce, ko sunanta ba na faɗi a gaban mutane, balle in buɗe baki in ce ban yarda ba. Sai na ƙudurta in Gwaggo ta zo ganinmu zan nuna mata ni mace ce mai tsari, ko ta ji nauyin raba ni da ita.

Matsalar ita ce jerena. Lokacin kuɗin man fetur ya shigo, matan unguwa kowa ta cika kabad da samira da tangaran, ni kuwa 'yan langunan aurena duk sun fara kwarzanewa.

Maigidan yana aiki a wajen wani Alhaji maƙeri a bakin tasha. Da can askar wanzamai suke ƙerawa, da 'yar tsaga. Da aka fara gina ƙananan asibitoci sai Alhaji ya sayi inji, suka koma yin gadajen marasa lafiya, da ƙarfen rataya ƙarin ruwa, da almakasai iri-iri. Ni dai ban taɓa kwanciya a asibiti ba (a ɗakin innata na haihu), saboda haka ban san kamannin kayan ba.

Ranar da Gwaggo za ta zo, ina shara na jawo wani kwali a ƙarƙashin gado. Na buɗe, wayyo Allah! Kwanoni farare tas, sai ƙyalli, har fuskata nake gani. Akwai ƙanana masu lanƙwasa kamar ƙwayar wake, akwai wani babba mai faffaɗan baki da ya naɗo ciki, har da murfi. Na ce Allah sarki bawan Allah, ashe tsaraba ya ɓoye mani! (Ashe rufin shagonsu ne ke yoyo, Alhaji ya ce kowa ya ajiye kwali ɗaya a gida.) Na yi rawa ni kaɗai a tsakar ɗaki da goyo a bayana.

Na tuƙa tuwon shinkafa, na jera malmala a cikin babban, ina yaba wa wanda ya yi dabarar bakin nan don kada tuwo ya huce. Miyar taushe da kaza na raba a ƙananan, kowa da nata, kamar gidan Bature. Har maƙwabciyata Lantana na kira ta gani, ta ce, "Ke, wannan ko matar ɗan kwangila ba ta da irinshi!" Kaina ya ƙara girma.

Gwaggo ta iso bayan azahar da mata biyu. Na durƙusa na gaishe su, na shigo da abinci ina tafiya a hankali don a gani da kyau. Na ajiye, na ɗaga murfi.

Gwaggo ta dubi kwanon, ta dube ni.

"Ke 'yar nan, mi ne ne wannan?"

"Sabon yayi ne, Gwaggo. Shi ya sawo mani."

"Yayi?" Ta juya ga matan. "Kun tuna bara da na karye a ƙugu, aka kwantar da ni a Funtuwa? To, a kan ɗan'uwan wannan na yi wata guda ina biyan buƙata. Ƙananan kuma na tarar amai ne."

Ɗayar matar, wadda har ta gutsuri loma, ta tsaya da hannu a sama. Ni kuwa bakina bai san lokacin yin shiru ba, na ce, "Wallahi sabo ne dal, Gwaggo, ba wanda ya hau!"

Shi ke nan. Gwaggo ta faɗi gefe tana dariya tana riƙe ƙugunta tana cewa zan sake karya ta. Maigidan ya yi sallama daidai lokacin, ya hango tuwo a cikin kayan Alhaji, ya juya ya fita ko takalminsa bai tsaya gyarawa ba.

Da Gwaggo ta share hawaye, ta karɓi jaririyar ta daɗe tana kallonta, ta miƙo mani.

"Ungo abarki. In ta gado kanki, ni da tsufana ban iyawa. Ki riƙe ta, in riƙa zuwa ina shan dariya."

Na karɓe ta da sauri, kunya na cina, daɗi na kashe ni. Abin da na koya shi ne, duk abin da ya fito daga wajen aikin miji, komai ƙyallinsa, a tambaya kafin a zuba miya.

Yarinyar yanzu ta yi aure, kuma ba ta san yadda aka yi ta tashi a hannuna ba. Don Allah in kun san ta, kada ku gaya mata.