Takalmi a Hammata, Miya a Gabana

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so mantawa 'yan kasuwar Deira ba za su bar ni ba. Shekara bakwai ina aikin kago, wato tura wa 'yan kasuwa kaya, a Dubai, rabin abokan hulɗata Indiyawa ne, don haka na naɗa wa kaina sarautar masanin Indiya (ban taɓa taka ƙasar ba, amma wa ya tambaye ni?). Da surukata Hajiya ta zo mana hutu daga Kano, na ce ga dama ta samu. Tun ranar da na nemi auren Maryam baiwar Allahn nan take yi mini kallon mai cika baki. Na sha alwashin zagayawa da su Indiya har sai ta ce da bakinta, "Lallai Baban Hanifa ya san duniya."

Kwana huɗu komai lafiya lau. Mun hau jirgin ƙasa, mun ga giwa da kwalliya a goshi, mun ga masallaci da coci da ɗakin bauta a titi ɗaya. Hajiya har ta fara yi mini murmushi! Ni kuwa baki ya ƙi rufuwa, ina ta zuba bayani, wanda na sani da wanda na ƙirƙira a take.

Rana ta biyar, a Delhi, direbanmu ya kai mu wani katafaren wurin ibadar mabiya addinin Sikh, masu rawani da dogon gemu, inda ake ciyar da kowa kyauta. A ƙofa aka ce kowa ya miƙa takalminsa a ajiye masa. To ni sabon takalmin fata ne a ƙafata, na saye shi musamman don tafiyar. Kuma ni ɗan Kano ne, sau uku ana ɗauke mini takalmi a masallacin Juma'a kafin na yi hankali. Maryam da Hajiya suka miƙa nasu. Ni kuwa na faki ido, na haɗe nawa, na cusa a hammata ƙarƙashin babbar riga, na matse.

"Baban Hanifa, ina naka?" in ji Maryam.

"Khalas, na gama da wannan. Yalla, mu shiga."

Makeken zaure ne, mutane a jere a ƙasa, kowa da tire a gabansa. Muka zauna (ni a karkace, kamar mai ciwon haƙarƙari). Aka zuba mana miyar wake. Sai ga wani dattijo mai farin gemu yana raba gurasa. Na miƙa hannun dama yadda aka koya mini a gida. Ya yi murmushi, ya nuna mini cewa da hannu biyu ake karɓa. Hajiya tana kallona. Masanin Indiya guda ai ba zai ji kunya ba! Na ware hannuwa biyu da iya ƙarfina.

Wari ɗaya ya faɗa tsamo-tsamo cikin miyata. Ɗayan ya gangara, ya je ya tsaya daidai gaban Hajiya. Layinmu gaba ɗaya ya juyo yana kallona. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige har da hula.

Dattijon ya sunkuya. Ya tsince takalman ya fita da su, wani ya goge wurin ya kawo mini sabon tire. Da mari aka yi mini da ya fi mini sauƙi. Hajiya ta cinye gurasarta a natse, Maryam tana ta tarin ƙarya cikin mayafi.

A bakin ƙofa na ga abin da ya ƙarasa ni. Masu ajiyar takalman nan, manyan mutane, suna zaune suna goge takalman baƙi don neman lada. Silifas ɗin Hajiya har ƙyalli yake. Nawa ma dattijon ya wanke ya share, ya miƙo mini. Da hannu biyu na karɓa, ba wanda ya tuna mini.

Kafin mu sauka Dubai labari ya riga mu isa unguwarmu ta International City (Maryam ta rantse ba ita ba ce). Yanzu ko a Deira sunana Alhaji Hammata. Ranar da na raka Hajiya filin jirgi kuwa, na samu kalmar da na yi ta nema.

"Baban Hanifa, lallai ka san duniya," ta ce. "Saura ka san inda ake ajiye takalmi."

Ni dai abin da na koya shi ne, in ka ɓoye abu a hammata, kada ka zauna inda ake rabon abinci.