Ranar da Motar Surukina Ta Zo da Muryar Motar Mijina

Ko tsufa ya kwashe min tunani, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba. Amma kafin in kai ku ga Larabar, sai kun san fargabar da na shiga ɗakin aure da ita, wato bakina.

Ni mai magana ce. A aji huɗu na bar makaranta, kuma ina jin malaminmu har sadaka ya yi ranar. Da aka yi min aure aka kawo ni Nguru, sai na ƙudura a raina cewa dangin mijina da ke Gashua ba za su taɓa sanin wannan halin ba. Shekara uku ina riƙe da alkawarin. In mun je gaisuwa, daga nesa nake durƙusawa, in ce "ina kwana" a can ƙasan maƙoshi, in sunkuyar da kai ina ƙirga zanen tabarma. Surukina, Baba Alhaji, har alfahari yake yi da ni a gaban baƙi. "Matar ɗana," in ji shi, "shekara uku ban san irin muryarta ba." (Duk ranar da muka dawo daga Gashua sai na sha maganin ciwon kai, saboda yawan maganar da na haɗiye.) Da na haihu aka sa wa yaron sunan Baba, don haka ba na kama sunan, Abba nake ce masa.

Mijina, Baban Abba, direban babbar mota ne. Motocin gidansu biyu ne, iri ɗaya, rana ɗaya aka sayo su. Ɗaya tana hannunsa, yana ɗaukar riɗi da busasshen kifi zuwa Kano, wani lokaci har kudu. Ɗayar tana hannun Baba da kansa, don ya ƙi sauka daga sitiyari, yana kwaso shinkafa da albasa daga fadamar Katuzu.

Tun da na haifi Abba tsoro ya shige ni. In yaro ya yi atishawa na duba goshinsa, in uban ya hau hanya na kasa cin abinci. A haka na koyi muryar motarsa. Akwai wata kwana kusa da tsohon layin dogo inda dole kowace babbar mota ta rage gudu. In tasa ce, da ya sake taka totur sai ka ji wani siririn fito ya tashi nan take, fiii, kamar butar shayi ta tafasa. Motoci da yawa suna bi ta wurin, amma babu mai wannan fiton. Maƙwabciyata Yagana har gwada ni take yi ta kan katanga.

"Maman Abba, wannan fa?"

"Ta masu shanu ce."

"Wannan kuma?"

"Wannan ko mai ita ba ya son ta."

Ban taɓa kuskure ba, kuma na cika unguwa da wannan labarin.

To, wata safiya Baban Abba ya zauna yana min bayanin aiki, ni kuma ina kokawa da Abba a kan koko. Har zane ya yi min a ƙasa da tsinke, wani abu mai kama da katantanwa. Ya ce sunansa tobo. Hayaƙin da inji ke fitarwa ne yake juya wata 'yar farfela a cikinsa, ita kuma ta cusa wa injin iska, mota ta ƙara ƙarfi. Ya ce na motarsa ƙarami ne, yana farkawa da wuri, amma a doguwar hanya da lodi mai nauyi numfashinsa ƙarewa yake yi, inji ya ɗau zafi. Na Baba kuma babba ne, ba ya farkawa sai inji ya ɗau wuta sosai, shi ya sa in motar ta shiga yashin fadama sai ta tsaya tana aman baƙin hayaƙi tana tona rami. Don haka za su je wurin bakanikensu, Malam Bukar, a Gashua, a yi musanye.

Duk wannan daga baya na tuna shi. A lokacin "to, to" kawai nake cewa, ina goge koko daga kunnen yaro. Abin da ya shiga kaina ɗaya ne: zai biya ta Gashua, Lahadi zai dawo.

Lahadi ta wuce. Litinin ta wuce. Waya a kashe. Abba kuma ya zaɓi wannan makon don fitar da haƙora, jiki zafi, kuka ba tsayawa. Sau nawa na ɗauki waya zan kira surukata Hajja, sai in ajiye, kada a ce yarinyar nan ko kwana biyu ba ta iya yi ba miji. A cikin kaina kuwa babu gadar da ban jefa motar nan daga kanta ba tsakanin Gashua da Kano. Ranar Talata har na fara tunanin wace atamfa ce ta dace da takaba (Allah Ya yafe min).

Laraba bayan azahar ina tsakar gida ina wanke kayan Abba, sai na ji motar. Ta rage gudu a kwana, aka taka totur, fiii. Na zauna a bakin baho ina alhamdulillahi, har da hawaye. Minti ɗaya na yi ina godiya. A minti na biyu sai fushi ya taso min tun daga yatsun ƙafa.

"Maman Abba, naki ne?" in ji Yagana ta kan katanga.

"Nawa ne. Ki matso kusa, yau zai ji."

Motar ta tsaya a filin bayan gida. Ba a kashe inji ba, don direbobi sukan bar shi ya ɗan yi aiki a tsaye ya huce, saboda haka gidan duk ya cika da gurnani. Na ɗauki Abba na tsaya a bayan labulen zaure. Na ji takun takalmi, na ji an yi gyaran murya, na ji sallama a cikin ƙarar inji. (A nan zan kare kaina sau ɗaya: uban da ɗan, gyaran muryarsu iri ɗaya ne sak.)

Na ce, "Wa alaikumus salam, amma ka tsaya nan inda kake. Ban gama shirin ganin fuskarka ba."

Aka tsaya.

"Lahadi ka ce. Yau Lahadi ce? Kwana uku ina nan kamar mahaukaciya, na kashe ka na binne ka ya fi sau goma. Wayar da ka saya ta ado ce? Ko da yake ba laifinka ba ne, gado ka yi. Babanka ma haka yake, ya fi son ƙarfe da mutane. Baiwar Allah Hajja ta tsufa a bakin ƙofa tana jiran mutumin da ya kamata a ce yana gida yana jan carbi, shi kuwa yana can cikin fadama da motarsa mai hayaƙi kamar gidan burodi. Ni ba Hajja ba ce, ka ji ko? Ni ina da baki."

Shiru. Na ɗauka kunya ce ta kama shi, sai na ƙara samun ƙarfi.

"Ungo, karɓi Babanka. Kwana uku bai bar ni na runtsa ba. Rigima gare shi da taurin kai kamar mai sunan."

Na zura Abba ta gefen labule ba tare da na leƙa ba. Hannaye biyu suka karɓe shi a hankali. Sai idona ya faɗa kan hannayen. Gashin bayansu fari ne. A ɗan yatsa akwai zoben azurfa mai jan dutse, zoben da na shekara uku ina kallo, don in kai yana sunkuye iyakar abin da ido ke kaiwa ke nan.

"Sannu da gida, 'yata," in ji Baba Alhaji.

Jama'a, na nemi ƙasa ta tsage, ƙasar Nguru kuwa ta yi kamar ba ta san ni ba. Na zube a bayan labule. A daidai lokacin aka kashe inji a waje, unguwa ta yi tsit, har ina jin Yagana tana toshe bakinta da mayafi. Sai ga wani takun ya shigo zauren, ashe tare suke da Malam Bukar, shi ne ya kashe injin.

"Bukar," in ji Baba, "ka makara. Ashe tana da murya."

"Wa, Alhaji?"

"Matar ɗana. Murya mai kyau kuwa, har ta fi ƙarfin inji."

Na buɗe baki zan ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne "ina kwana", da rana tsaka.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce wayar mijina ta faɗa ramin gareji ta fashe ranar da ake aikin, kuma ana gamawa ya samu lodin gaggawa zuwa kudu, ya wuce. Shi kuma da ya samu lodin albasa zuwa kasuwar Nguru, sai ya ce bari ya biyo da kansa ya gaya min, kada hankalina ya tashi. Ya turo wata leda ta ƙarƙashin labule. Bandar kifi ce, Hajja ta aiko min. Ina ganin ledar nan na gwammace a ce mari aka turo.

"Amma gaya min," in ji shi, "ya aka yi kika ɗauka shi ne, ba ki ko leƙa ba?"

Na ce a hankali, "Fiton motar, Baba."

Malam Bukar ya fashe da dariya har yana dukan bango. "Alhaji, wallahi tobon ta ji! Ƙaramin da na ciro daga motar ɗanka ai shi ne yanzu a jikin taka. Daga cikin gida ta gane shi!"

"To kunnenta ya fi naka," in ji Baba. "Kai sai ka buɗe ka leƙa."

Ya ɗan yi wasa da Abba, wanda ya yi lamo a jikinsa kamar ba shi ne ya addabe ni ba. Ya taɓa dasashinsa ya ce haƙora biyu ne, sun kusa fitowa. Sannan ya gyara murya, ni kuma na rufe ido ina jiran hukunci.

"Abin da kika faɗa a kaina, zan yi tunani. Amma maganar gidan burodi ban yarda ba. Jiya na shiga yashin Katuzu da cikakken lodi, na fito ko giya ban sauke ba. Ki sa mayafi ki fito ki ga salansar da idonki."

Haka na fito, kaina a ƙasa, na tsaya a fili. Malam Bukar ya tayar da mota ya taka totur. Baba yana riƙe da jikansa yana nuna min bututun hayaƙi.

"Akwai hayaƙi?"

"Babu, Baba."

"Ɗaga murya. Na san kina da ita."

"Babu, Baba!"

Matan unguwa duk suna bakin ƙofofinsu.

Baban Abba ya dawo ranar Asabar. Motarsa ta zo da wata murya mai kauri, sai da ta wuce kwana da nisa sannan wani fito mai zurfi ya biyo baya. Yagana ta tambaye ni ta wa ce, na ce ta masu shanu ce. Sai ganinsa na yi a tsakar gida, ya dafa bango yana dariya. Labari ya riga ya same shi tun a hanya, don Malam Bukar ba ya ajiye magana. Ya ce, "Na yi miki bayani har da zane." Na ce ya yi min shiru.

Wanda na fi tsoro shi ne kiran Hajja. Ya zo bayan kwana biyu, sai da wayar ta kusa tsinkewa na ɗauka.

"'Yar nan," in ji ta, "me kika yi wa Alhaji?"

Na fara kuka ina rantsuwa.

"Ke, yi shiru ki ji. Tun aurenmu nake son gaya masa maganar nan ban iya ba. Yanzu da ya isa fadama sai ya kira ni. Jiya sau uku. Tambayata yake me na dafa, ina kaji, ya zafi. Ni har na rasa abin da zan ce masa. Ki dai riƙa yi a hankali, kada ki mayar min da shi gida gaba ɗaya."

Darasin da na koya ba mai yawa ba ne. In miji ya durƙusa yana zane a ƙasa, a ajiye cokali a saurara. In kuma za a yi faɗa, a fara ɗaga labule.

Yanzu ga damuwata. Wata mai zuwa akwai suna a gidan Baba a Gashua, ƙanwar mijina ce ta haihu, kuma dole in je in durƙusa in gaishe shi a gaban dangi. In na yi ƙasa da murya zai ce in ɗaga. In na ɗaga, kowa ya san dalili. Don Allah, duk wadda ta taɓa zazzage wa surukinta abin da ke cikinta kuma ta sake haɗa ido da shi, ta taimaka ta gaya min me ake cewa bayan "ina kwana".