Katin da Na Rubuta wa Ima

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar Asabar ɗin da na tsaya a tsakiyar falon maƙwabciyata a Catford, mutum goma sha biyar suna kallona, zufa tana bin bayana a tsakiyar watan sanyi. Har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Maigidana ya rasu a ƙarshen watan Agusta (Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta). Allah bai ba mu haihuwa ba. 'Yan'uwa sun zo, an yi zaman makoki, kowa ya koma bakin aikinsa, don London ba ta jiran mai kuka. Yaya Rabi, wadda nake bi, tana tasowa daga Tottenham duk Lahadi. Sauran kwana shidan kuwa daga ni sai bango da takaba.

Flat ɗin da ke kallon namu na Memcha ne, ma'aikaciyar jinya, 'yar wata jiha da ke arewa maso gabashin Indiya mai suna Manipur. Shekara huɗu muna gaisuwar matakala, ba ta wuce haka ba. A lokacin mahaifiyarta ta zo mata ziyarar wata shida. Ima suke ce mata, wato Inna a harshensu, ni ma sai na bi.

Kwana tara da rasuwar, da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ima ce, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin zani mai ratsi, riƙe da kwano. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin harshenta. Ta shigo, ta ajiye kwanon, ta zauna. Washegari ta dawo. Haka ta yi ta yi har na fita takaba. Kifi take kawo mini da ganye, don 'yarta ta gaya mata abin da nake ci da wanda ba na ci, wani lokaci kuma wata baƙar shinkafa da aka dafa da madara. Idan na yi kuka sai ta kalli taga har in gama. Idan na shimfiɗa sallaya sai ta rage muryar talabijin.

Ran nan Memcha ta tare ni a ƙofa ta ce Ima za ta koma gida ranar Litinin ta sama, za su yi ɗan taron ban kwana ranar Asabar. Na ce to. Da na rufe ƙofa sai na tsaya ina lissafi. Wata huɗu matar nan tana zaune da ni, ban taɓa faɗa mata cikakkiyar magana guda ba. Ga shekarunta, ga nisan gari, na san da wuya mu sake ganin juna. In ce Memcha ta fassara mini godiya kuwa, sai na ji kamar in aika ɗan saƙo wajen wanda muke zaune kan tabarma ɗaya. Ina son abin ya fito daga hannuna.

Na ɗauki waya na shiga bincike. Harshen nasu Meitei ake ce masa, wasu su ce Manipuri, kuma da rubutu iri biyu ake rubuta shi. Ɗaya aro ne daga harshen Bengali na maƙwabtansu, baƙaƙensa suna rataye a jikin layi kamar kaya a igiyar shanya. Ɗayan nasu ne na kaka da kakanni, sunansa Meitei Mayek. A daidai nan na daina karantawa (akwai sauran bayani mai tsawo a ƙasa, ban duba ba), don a ganina na riga na gane komai. Mu ma ai haka muke. Innata a Zariya har ta koma ga Allah ba ta karanta boko ba. Wasiƙa in ta ajami ce ta karanta da kanta, in ta boko ce sai ta nemi mai karanta mata. Tsohuwa da tsohon rubutu, yaro da na aro. Wannan ba sai an tambaya ba.

Na kira Yaya Rabi na gaya mata shirina.

"Ke ki tambayi 'yarta mana," in ji ta. "Ƙofa da ƙofa kuke."

"Yaya, so nake ya zama surprise."

"Surprise! Wa ya aike ki? Ki shiga Lewisham ki saya mata turmin atamfa mai kyau ki huta."

"Atamfa ba ta magana, Yaya."

"To, uwar karambani. Allah Ya ba da sa'a."

Kwana shida na yi ina fama. Layi uku ne kacal: Ima, na gode. Kin zauna da ni. Ba zan manta da ke ba. Wayar ta juya mini su zuwa harshensu cikin tsohon rubutun, ni kuma na zauna ina kwaikwayo, ni da karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare. Abin da ya taimake ni shi ne baƙaƙen da sunayen gaɓoɓin jiki ake kiransu: kok shi ne kai, sam gashi, lai goshi, mit ido, haka har ƙasa. Na yi ta sauraron yadda ake furta layukan ina bi, kamar yadda muka yi haddar allo, baki ya riƙe tun kai bai san ma'ana ba. Kati huɗu na ɓata. Na biyar ɗin ma na gama shi ne ina tsoron kada in karkata wani baƙi in zagi tsohuwar mutane.

Taron ranar Asabar shi ne na farko da na shiga tun bayan rasuwar. Mutanen garinsu ne suka cika falon, mata da zannuwa masu ratsi, da wani dattijo likita da matarsa. Aka ci abinci, aka fara miƙa kyaututtuka. Da a ce na miƙa atamfar (na saya, ban ƙi maganar Yaya gaba ɗaya ba) na cusa katin a ciki na koma na zauna, da shi ke nan. Amma a'a. Sai na miƙe tsaye na yi jawabi.

Na ce da Turanci, Memcha tana fassarawa: "Na rubuta wannan da hannuna. Ban yi shi da rubutun aro ba. Na yi shi da rubutunku na asali, don na san manya irin su Ima su ne suke riƙe da shi." Na lura Memcha ta rage sauri, har ta tsaya a tsakiyar magana. Na ɗauka abin ne ya taɓa mata zuciya. Sai na ƙara da cewa, "Ima, don Allah ki karanta mana kowa ya ji."

Ima ta karɓa da hannu biyu. Ta ciro tabarau ta sa. Ta buɗe katin, ta kawo shi kusa, ta mayar da shi nesa. Ta ɗora yatsa a kan baƙin farko, yatsan bai matsa ba. Can ta yi wa 'yarta magana ƙasa-ƙasa.

Memcha ta matso kusa da ni. "Anti, Ima ba ta iya karanta wannan ba."

"Rubutun ne bai fita ba?"

"Ya fita, ya yi kyau ƙwarai. Amma a zamaninsu da rubutun Bengali aka koyar da su. Ni ma da shi na yi karatu. Wannan sai bayan na gama aka mayar da shi makarantu. A gida yara ne suke karanta shi. Ko allon kanti ne, jikokinta take tambaya."

Ashe nasu a juye yake. Kusan shekara ɗari uku ke nan da aka ture nasu rubutun aka ɗauki na aro, sai kwanan nan aka dawo da shi. Tsohon rubutu yana hannun yara, na aro yana hannun tsofaffi.

Dattijon likita ya so ya cece ni. "Kawo in gani, na ɗan koya." Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya. "I... ma. Ima!"

"Wannan ko ni na canka," in ji matarsa. "Ci gaba mana, malam."

Bai ci gaba ba. Aka yi dariya, katin ya zaga hannu-hannu, kowa ya gane baƙi biyu ko uku ya miƙa gaba. Ima ce kaɗai ba ta yi dariya ba, tana kallon tafin hannunta. Matar likitan ta raɗa mini, da kyakkyawar niyya, cewa Ima shekara talatin ta yi tana koyarwa a firamare, rabin unguwarsu ita ta koya wa karatu. Wato malamar makaranta na tsayar a gaban mutanenta na nuna musu akwai rubutun harshenta da ba ta iya ba. Matar da ba ta taɓa sa ni jin kunyar hawayena ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban waiwaya ba.

Da katin ya dawo hannun Ima na miƙa nawa hannun in karɓe, ina cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri. Ta riƙe shi gam. Ta faɗi wata magana a taƙaice, ta nuna ƙasa kusa da kujerarta.

"Ta ce ke kika rubuta, ke za ki karanta," in ji Memcha.

Na durƙusa. Na ɗora yatsa a layin farko, na ce, "Ima, thagatchari." Ta girgiza kai, ta maimaita kalmar yadda ya kamata. Na sake. Ta sake girgiza kai. Sai a karo na uku ta ce in wuce. Na karanta layi na biyu. Na ƙarasa da na uku. Ima ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da gefen mayafinta, sannan ta yi magana.

"Ta ce ta ji," in ji Memcha. "Ta ce ta ji duka. Kuma ta ce kin fi likita ƙoƙari."

Ranar Litinin Ima ta tafi. Bayan wata guda Memcha ta kawo mini ambulan da wani ya taho da shi daga garinsu. Wasiƙa ce daga Ima, shafi biyu cif, da rubutun Bengali, ko baƙi ɗaya ban gane ba. Na juya ta gaba da baya ina kallon Memcha, ita kuma tana danne dariya.

"Ta ce in gaya miki ramuwa ce."

Tun daga nan na koyi karanta bayani har ƙarshensa. Na kuma gane ba kowace tsohuwa ce Innata ba: abin da ya tsufa a Zariya, a wani garin yanzu ya shiga aji ɗaya.