Ranar da Injiniya Ya Sayo Majigi

Duk unguwar da ba ta da mutum irin Injiniya, a je a yi mata jaje. Mu kam mun dace, namu yana nan a gida na uku daga kwanar mai faci, da tabarau a goshi da biro uku a aljihun gaba. Bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba, kada a ce na ɓoye. Shekara talatin ya yi yana riƙe da makullin sito a wani ofis. Wata rana injin kwafar takardu ya ƙi aiki, ya kai masa shuri don haushi, sai injin ya tashi. Daga ranar ya zama Injiniya, ya karɓi sunan hannu bibbiyu. 'Yan unguwa suka ƙara masa da Na-Riga-Na-Sani, domin ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ko cewa ka yi rigarsa ta kama da wuta, zai ce yana sane, gwaji yake yi.

To, Auta, 'yarsa, ta gama karatun jinya a wata ƙasa mai nisa. Makarantar ta ce za ta nuna taron yaye ɗalibai kai tsaye ta intanet, ranar Asabar da ƙarfe ɗaya na rana. Da labari ya kai wa Kaka, mahaifin matarsa Malama, ya ce ko da rarrafe sai ya zo. Shi ya yi renon yarinyar har ta shiga sakandare, kuma shekara huɗu rabonsa da ita. Sai dai idanun tsohon sun gaji, in aka miƙa masa waya dishi-dishi kawai yake gani. Talabijin ɗin gidan kuwa tun da Injiniya ya gyara ta, sauti kawai take bayarwa.

Malama ta ce a samo ɗan majigi mai sauƙin kuɗi, wanda zai haska hoto babba a bango. Ta ce, “Baban Auta, sau ɗaya za a kira sunanta. Ta hau, ta karɓa, ta sauko, shi ke nan. Ina so Baba ya ga fuskarta.”

Injiniya ya ɗaga mata hannu. Ai magana ta zo gidanta.

Kwana uku ya yi yana bincike. Binciken nan a bencin ƙofar shagon tela aka yi shi, da murya sama, don kada ilimi ya tsaya a kan mutum ɗaya. “Majigi ba abin wasan yara ba ne,” in ji shi. “Akwai haske, akwai ƙarfin haske, akwai kuma hasken ƙarfi. Mutane da yawa suna ruɗa su. Ni da na yi shekara talatin cikin na'urori, da jin nauyin kwali nake gane mai kyau.” Tela ya gyaɗa kai da allura a baki. Tela mutum ne mai son zaman lafiya.

Ranar Alhamis ya sa babbar riga ya nufi shagon kayan lantarki. Mai shagon, bawan Allah mai haƙuri, tambaya uku kawai ya yi masa: taku nawa ne daga bango zuwa bango a falon, da rana za a kalla ko bayan duhu ya shiga, kuma bangon wane launi ne?

Kai, ran Injiniya ya ɓaci. Shi za a yi wa jarrabawa? “Malam, na zo sayen kaya ne, ba neman aiki ba. Falona falon manya ne. Ba a auna shi da taku.”

Mai shago ya ɗauko wani ɗan majigi fari, marar ado, ya ce wannan ba ya cika baki amma haskensa na gaskiya ne, yana jure ɗaki mai taga, kuma kuɗinsa bai wuce abin da aka zo da shi ba. Injiniya ya duba kwalin ya ga lambar haske 'yar ƙarama. Ya waiga ya hango wani kwali mai ruwan zinariya, da hoton zaki, da lamba mai sifili huɗu. Mai shago ya ce, “Yallaɓai, wannan lambar ado ce kawai. Bari in kunna maka su biyun ka gani da idonka.”

“Ido yana yaudara,” in ji Injiniya. “Lamba ba ta ƙarya.”

Ya rungumo zakinsa ya dawo gida. Bai bi ta gajeriyar hanya ba, ya zagayo ta gaban kemis da shagon tela da wurin mai faci, kwalin a kafaɗa, hoton zakin yana kallon jama'a. Malama ta roƙe shi ya gwada tun ranar. Ya ce sabuwar na'ura tana bukatar ta huta daga gajiyar hanya.

Kaka ya iso ranar Juma'a da yamma, ƙafafu a kumbure saboda wuni guda a mota. Ya zauna ya yi ta tambaya ko Auta ta ƙara tsawo.

Malama ta shirya wa mutum uku zama. Ranar Asabar sai ga mutum goma sha bakwai a ƙofa, domin Injiniya ya bi gida-gida da goron gayyata na baki. Aka cika falo maƙil, wasu a hannun kujera, wasu a ƙasa. Kaka aka sa a gaba, da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Majigin yana kan tebur, an lulluɓe shi da mayafin Malama. Injiniya ya yaye mayafin a hankali, ya jira tafi, tela ya taimaka masa da guda biyu. Ya karɓi wayar Malama ya jona, ya danna.

Bango ya nuna wani ɗan fari-fari, kamar inda aka cire tsohuwar kalanda.

“Rana ce ta yi yawa yau,” in ji Injiniya. “Ba a saba yin irinta ba a wannan wata.”

Aka shiga toshe tagogi. Barguna, zannuwa, tawul, har da labulen banɗaki. Fanka ta riƙa ɗaga su, sai ya ba da umarni a kashe ta. Aka rufe ƙofa. Cikin minti biyar kowa ya jiƙe sharkaf, mai kemis yana fifita da murfin kwalin zaki. Hoto dai ya fito, amma bai fi faranti ba, domin falon manyan taku biyar ne cif. Aka ja tebur baya, aka ja, har majigin ya koma bakin hanyar kicin, a kan bokitin da aka kife bisa kujera. Hoton ya girma, ya kuma karkace, shugaban makarantar ya fito da ƙaton kai da ƙafafu sirara. Bangon kuwa kore ne shar mai sheƙi, zaɓin Injiniya da kansa, don haka duk ɗaliban suka zama kamar su ne marasa lafiyan. Ga na'urar tana gurnani, da ƙyar ake jin mai magana.

Kaka ya ce, a hankali, “Ni fa ban ga komai ba. An fara ne?”

Malama ta tashi. Ta shiga ɗaki ta ciro farin zanen gado, ita da matar tela suka kafa shi a bango da ƙusa biyu. Ta tura littafi ƙarƙashin majigin, hoton ya miƙe. Ikon Allah, sai ga mutane sun fito. Ba tas ba, amma mutane ne, da hanci da baki da huluna masu kusurwa huɗu.

Kaka ya matso har bakin kujera. “Ina gani! Wallahi ina ganin fuskoki!” Ni kaina da nake tsugune kusa da ƙofa sai da na miƙe tsaye don in gani. Aka fara kiran ɗalibai ɗaya bayan ɗaya.

Nan mai kemis ya yi kuskuren da ba a yi. Ya ce, “Kai, Malama, yau ke kika fitar da mu kunya.”

Malama? Zanen gado? A gaban mutum goma sha bakwai? Injiniya ya miƙe. Gaskiya tana neman salwanta, kuma ba zai zauna yana kallo ba. Ya tako tsakiyar falo, ya juya wa zanen baya, ya gyara murya.

“Jama'a, don kada a tafi da gurguwar fahimta. Zane ba ya haifar da hoto. Abin da kuke gani aikin lamba ne. Ita na'ura irin wannan, sai ta ɗauki zafi tukuna take sakin cikakken ƙarfinta, kuma na lissafa daidai wannan minti ne...”

“Baban Auta, zauna, layinsu ne!” in ji Malama.

“Na riga na sani. Kamar yadda nake cewa, da na biye wa mai shago...”

Ta cikin gurnanin na'urar muka ji an kira sunan Auta. Muka ji tafi daga can wata duniya. A kan zanen kuwa babu komai sai inuwa baƙa ƙirin, daga sama har ƙasa: hula, kunnuwa biyu, yatsa ɗaya a sama, da tumbi ya cika tsakiya. Tela ya yi tsalle ya fizgo babbar rigar Injiniya. Kafin haske ya koma wurinsa, wata doguwar yarinya ce take karɓar takarda, 'yar wasu mutane.

Malama ta sa bakin zanenta ta rufe fuska. Injiniya ya buɗe baki, a karo na farko a tarihin unguwa babu abin da ya fito.

Kaka ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya dogara sanda ya tashi, ya lalubo kafaɗar surukinsa ya dafa.

“Baban Auta, kada kowa ya zagi majiginka. Wuni guda na yi a mota don in ga jikata, ban gan ta ba. Amma shekara biyar rabon da idona ya ga wani abu tas kamar yadda na ga tumbinka yau.”